Abin da `--help` ya koya mini

Aikin da aka ba ni bai yi kama da wanda zai ci mako uku ba. A ofishinmu muna da wasu ƙananan shirye-shirye da muka rubuta da harshen kwamfuta na Python don tace bayanan da ma'aikatan fili suke kawowa. Wani yana haɗa fayiloli, wani yana cire sunayen da aka maimaita, wani kuma yana rage nauyin hirarrakin da aka naɗo a waya. Dukkansu a baƙin allo ake kiran su, ka rubuta umarni ka danna Enter. Mu da muka saba ba ma jin komai. Amma duk sabon ma'aikacin da ya zo, musamman 'yan bautar ƙasa da ake turo mana, da ya ga baƙin allon nan sai jikinsa ya yi sanyi, ya wuni yana tambayar na kusa da shi abin da zai rubuta.

Wata Litinin ogana ya kira ni ya ce, "Malam, ba za ka yi mana shafi ɗaya a cikin manhajar ofis ba, wanda mutum zai danna sunan umarni ya ga bayaninsa, ba sai ya yi ta tambaya ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai bayanin yana nan a rubuce. Kowane umarni in aka bi shi da `--help` zai faɗi yadda ake amfani da shi. Kwasowa kawai zan yi in zuba a shafin. Kafin la'asar in sha Allahu."

Na zauna na jera sunayen. Namu na gida, da kuma na waje da ma'aikatan suke amfani da su kullum: `ls`, `cd`, `du`, `df`, `sort`, `ssh`, `git`, `ffmpeg`, har da `shutdown`, domin a baƙin allo suke kashe kwamfutar ɗakin aiki kafin a kashe janareta. Sai na rubuta 'yan layuka da `subprocess.check_output`, wanda zai kira kowane umarni da `--help`, ya karɓi abin da ya fito, ya adana a fayil mai sunan umarnin. Na gwada da `ls`, bayani ya fito tsaf. Na gwada da `du`, haka. Na ji daɗi.

`cd` ne ya fara tsayar da ni, amma nasa bai ba ni wahala ba. Python ya ce bai ga wani fayil mai wannan suna ba, kuma gaskiyarsa, domin a kwamfutata `cd` ba shiri ne mai zaman kansa ba, a cikin jikin Bash yake, wato shirin da ke karɓar abin da ka rubuta a baƙin allo ya aiwatar. Sai dai a kira Bash ɗin a ce masa `help cd`. Haka `dir` yake a Windows, a cikin `cmd`, takwaran Bash na can, yake zaune, kuma can ma da `/?` ake neman bayani. Na gyara na wuce.

A kan `ssh` ne na fara gane cewa da sauran rina a kaba. Ina kallon allo bayanin ya fito, ga shi nan ƙuru-ƙuru, layin da ya fara da `usage: ssh` da jerin haruffan da yake karɓa. Amma shirina ya faɗi da kuskure, fayil ɗin kuma babu komai a ciki. Na maimaita ya kai sau biyar. Idona yana ganin rubutu, manhajata tana cewa ba a ba ta komai ba.

Abin da ke faruwa shi ne, duk shirin da ke gudana a Unix da 'ya'yanta kamar Linux yana da ƙofofi uku tun daga farko. Ta lamba 0 ita ce ta shigar da bayani, ta lamba 1 ta fitar da sakamako, ta lamba 2 kuma ta fitar da ƙorafi da kuskure. Wannan na sani tun a makaranta, na ma amsa shi a jarrabawa. Abin da ban taɓa ji a jikina ba shi ne dalilin raba su. Tun da aka shigar da bututu cikin Unix a Bell Labs a 1973, wato hanyar da sakamakon wani shiri zai zama abincin wani, bukatar raba su ta fito fili: in ƙorafi ya bi bututu ɗaya da sakamako, shiri na gaba zai haɗiye shi kamar bayani ne na gaske, mutumin da ke zaune kuma ba zai gani ba. A baƙin allo duka ƙofofin biyu wuri ɗaya suke zubowa, shi ya sa ido ba ya bambancewa. Ni kuwa bututuna a ƙofa ta 1 kawai na jona shi. Shi `ssh` bai ma san wani abu `--help` ba. Ƙorafi ya yi cewa bai gane abin da na rubuta ba, ya biyo da taƙaitaccen tsarin amfani da shi ta ƙofa ta 2, ya fita da lamba 255 (kowane shiri yana barin lamba in ya gama, 0 ce alamar an gama lafiya). `check_output` kuwa duk lambar fitar da ba 0 ba ce yana ɗaukar ta a matsayin gazawa.

Nan na koma na karanta inda wannan `--help` ɗin ya samo asali. A ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU, gidan da ya samar da yawancin ƙananan umarnin Linux, an faɗa a sarari: shiri ya karɓi `--help`, ya fitar da gajeren bayani ta ƙofar sakamako, sannan ya fita lafiya. Shi ya sa `ls` da `du` da `sort` na Linux suka ba ni haɗin kai, duk 'yan gida ɗaya ne. Amma `ssh` daga gidan OpenBSD ya fito, ba wanda ya ɗora masa wannan ƙa'ida. Shirye-shiryen da aka rubuta da harshen Go, masu amfani da ƙunshinsa na `flag`, ta ƙofar ƙorafi suke fitar da bayaninsu, kuma har zuwa fitowar Go 1.15 a 2020 da lamba 2 suke fita ko da kai ne ka nemi bayanin da kanka. Daga nan aka mayar da ita 0. Ni na shigo aikin da tunanin doka ce ta kowa, ashe al'ada ce ta wani gida, wadda wasu suka ara, wasu suka ara rabi, wasu ko kallo ba ta ishe su ba.

Gyaran bai yi wuya ba. Na bar `check_output` na koma `subprocess.run`, na haɗe ƙofofin biyu zuwa bututu ɗaya da `stderr=subprocess.STDOUT`, na daina yanke hukunci da lambar fita. La'asar ta wuce, amma ina ganin gobe da safe zan gama.

Sai `git`. In ka rubuta `git commit --help` ba gajeren bayani yake ba ka ba, cikakken littafin jagora yake buɗewa, shafuka bila adadin, wanda sabon ma'aikaci ba zai iya tsintar komai a ciki ba. A kwamfutar wata abokiyar aikinmu mai Windows kuwa burauza ya buɗe mata, domin can haka aka saita shi, bayanin ya tafi burauza, nawa fayil ɗin bai samu abin kirki ba. Da na gwada `git commit -h` sai ga daidai abin da nake so, 'yan layuka masu tsafta, duk da cewa da lamba 129 yake fita. `ffmpeg` ma da `-h` ake tambayarsa. Namu na gida da aka rubuta da `argparse`, ƙunshin Python mai tsara zaɓuɓɓukan umarni da bayaninsu, duka biyun suke karɓa. Sai na yanke shawarar da har yau in na tuna nake jin nauyinta: na ce bari kowane umarni a fara gwada masa `-h`, in bai ba da komai ba sai a koma `--help`. Na ga ai dabara ce mai kyau, ƙa'ida ɗaya ta wadatar da kowa.

Na saki shirin ya bi jerin sunayen bi da bi, daga a zuwa z. Yana rubuta sunan wanda yake kai a allo. Ya wuce `df`, ya ɗan jima a `du`, ya wuce `git`, ya wuce `ls`, ya wuce `shutdown`, ya iso `sort` ya tsaya cik. Ba kuskure, ba sakamako, alamar rubutu kawai tana ƙifta ido. Na zuba tagumi ina kallo, ina tunanin me zai riƙe `sort`, abin da ko nauyi ba shi da shi. Ina cikin wannan tunanin allon ya yi duhu, fankar kwamfutar ta yi shiru.

Na ɗauka batir ne, na duba na ga caja tana jone, fitilarta a kunne. Na kunna kwamfutar, rubutun da nake yi a wani wuri wanda ban adana ba ya tafi. Na buɗe foldar da shirin yake zuba fayiloli, na fara dubawa ɗaya bayan ɗaya. A cikin na `df` babu bayanin komai, jadawalin girman faya-fayan kwamfutata ne. A na `du` jerin foldodina ne da nauyin kowacce. A wurin waɗannan `-h` ba ta nufin neman taimako, tana nufin a rubuta girma yadda mutum zai iya karantawa, a sa K da M da G maimakon dogayen lambobi. Da na buɗe na `shutdown` gabana ya faɗi. Layi ɗaya ne a ciki, yana cewa an tsara kashe kwamfuta a lokaci kaza, in ana son fasawa a rubuta `shutdown -c`. A wurinsa `-h` umarnin kashewa ce, kuma in ba a faɗi lokaci ba minti ɗaya yake bayarwa. Ya yi mini gargaɗi kamar yadda ya kamata, amma bututuna ya kwashe gargaɗin ya ajiye a fayil a matsayin bayani. Shi kuwa `sort -h` tsayawa ya yi yana jiran in rubuta masa layukan da zai jera, domin ba a ba shi fayil ba, ƙofar shigarsa kuma tana jone da allon rubutuna. A wannan jiran ne mintin ya cika.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba rubutun da na rasa ba ne. Niyyata ita ce in na gama in ɗora shirin a sabar ofis, wato babbar kwamfutar da kowa yake tura wa aiki, ya riƙa gudana kowane dare da cikakken iko don bayanan su riƙa sabuntuwa. A wannan sabar ma'aikatan fili suke turo aikin yini, da yawansu da daddare, lokacin da suka samu sabis mai ƙarfi. Da haka ta faru, da sai an wayi gari an nemi mai makullin ɗakin ya je ya kunna ta, ta sake mutuwa a daren da ya biyo, kuma ba wanda zai kawo a ransa cewa shafin bayani ne sanadi.

Na je na faɗa wa ogana duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, kai da ka rubuta `-h` ɗin, wa ka tambaya ya ce maka taimako take nufi?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Na gani a wurare uku ne na ɗauka ko'ina haka take."

Ya ce, "Je ka duba littafin kowannensu tukuna. Ba gaggawa."

A wannan ranar na fahimci abin da na ɗauka na sani. Neman bayanin umarni daga cikin wata manhaja kunna umarnin ne, da duk ikon da mai kunnawar yake da shi. Babu wani ɗaki na daban da bayanin yake ajiye wanda za ka leƙa ka ɗauko. Shirin ne da kansa yake tashi, ya duba abin da ka rubuta masa, in ya ga dama ya fassara shi da neman taimako ya yi bayani ya fita. In bai fassara shi haka ba, aikinsa zai kama yi. Wani tsohon shiri da ba ya duba komai zai iya ɗaukar `--help` ɗin ma a matsayin sunan fayil. Saboda haka na watsar da tunanin ƙa'ida ɗaya. Na yi jadawali da hannuna, kowane umarni da ainihin kalmomin da za a kira shi da su, kuma ba na shigar da suna sai na buɗe littafin jagorarsa na karanta, na gwada a baƙin allo da idona. Abin da ba ya cikin jadawalin ba a kiran sa, ko da wani ya rubuta sunansa a shafin. Wannan ma ya rufe wata ƙofar da ban lura da ita ba da farko, domin da na bar mutane su rubuta sunan da suka ga dama kuma na miƙa shi ga mai fassara umarni irin Bash da `shell=True`, da duk wanda ya iya sa alamar `;` zai iya gudanar da abin da yake so a sabarmu.

Na kuma ƙara abubuwa biyu da yanzu ba na kiran kowane shiri daga cikin wani ba tare da su ba. Na farko `stdin=subprocess.DEVNULL`, wato a toshe ƙofar shiga, duk wanda ya nemi a rubuta masa wani abu ya tarar babu, ya kama gabansa. Na biyu `timeout`, daƙiƙa 10, wanda ya wuce haka a yanke shi.

`ffmpeg` ya ƙara mini wani karatun bayan kwana biyu. Don a rage lokaci na so in kunna umarnin da yawa a tare, sai na koma `Popen`, wanda yake kunna shiri ba tare da ya jira shi ya gama ba, ina kunna su sannan in jira kowanne da `wait()` kafin in karanta abin da ya rubuta. Duk suka wuce sai `ffmpeg -h full`, wanda yake zazzage bayanin kowane zaɓi da yake da shi. Bututu a Linux yana da iyakar abin da cikinsa yake ɗauka, bayit 65,536 in ba a canza ba, shi kuwa wannan bayanin ya fi haka nesa ba kusa ba. Da bututun ya cika sai `ffmpeg` ya tsaya yana jiran in kwashe, ni kuma ina jiran ya gama kafin in kwashe. Kowa na jiran kowa. Littafin Python ya yi gargaɗi a kan wannan daidai a ƙarƙashin `wait()`, ya ce a yi amfani da `communicate()`, wanda yake kwasa yana jira a lokaci guda. Na koma `run`, wanda dama haka yake yi a cikinsa. Daga baya ma na cire `full` ɗin gaba ɗaya, domin babu ɗan bautar ƙasar da yake bukatarsa.

Da bayanan suka fara fitowa daidai sai kwaɗayin ƙawata su ya kama ni. Na so in yanka kowane bayani gida-gida, layin da ya fara da `Usage:` a sama da manyan haruffa, zaɓuɓɓuka a cikin jadawali mai kyau. Ya yi aiki a wurina. Sai abokin aikinmu da ke Maraɗi ya sauke manhajar a tasa kwamfutar ya kira ni a waya.

Ya ce, "Malam, shafin naka fa fari fat yake a nan. Sunaye kawai nake gani."

Na ce, "Ɗan'uwa, buɗe baƙin allo ka rubuta `ls --help` ka karanta mini kalmar farko."

Ya ce, "Utilisation."

Kwamfutarsa da Faransanci take magana, kamar ta yawancin abokan aikinmu na Nijar. Kayan GNU suna duba harshen da aka saita a muhallin kwamfuta, ta alamomi irin su `LANG` da `LC_ALL`, su fassara saƙonninsu in akwai fassarar. Ni kuwa kalmar Turanci nake nema. Ana iya tilasta musu komawa asalin rubutunsu da `LC_ALL=C`, kuma na yi hakan na yini ɗaya kafin in tambayi kaina amfanin wa nake nema. Mutumin nan da Faransanci ya yi karatu, kwamfutarsa tana ba shi bayani da harshen da ya fi ganewa, ni kuma ina shirin ƙwace masa don jadawalina ya yi kyau. A satin ne kuma yankan ya sake karyewa a kan namu shirye-shiryen, a kwamfutar da aka sabunta wa Python, domin daga 3.10 `argparse` ya daina rubuta `optional arguments:` ya koma `options:`. Canjin kalma biyu ne da ba zai dami mai karatu ba ko kaɗan, kuma masu Python ba su yi laifi ba, tunda ba su taɓa yi wa kowa alkawarin cewa wannan rubutun ba zai canza ba. Don mutum aka rubuta shi.

Na san akwai masu yin irin wannan yankan kuma suna cin nasara. `help2man` na GNU daga `--help` da `--version` yake haɗa shafin jagora sukutum, kuma har yana da zaɓi na musamman, `--no-discard-stderr`, don shirye-shiryen da suke fitar da bayaninsu ta ƙofar ƙorafi, alamar su ma sun taka ƙayar da na taka. Tsarin da ke ƙarasa maka umarni a Bash in ka danna Tab shi ma yakan leƙa `--help` na wasu shirye-shirye ya tsinci zaɓuɓɓuka. Amma waɗannan ayyuka ne na shekaru da hannaye masu yawa, kuma in sun yi kuskure asarar ba ta wuce wani zaɓi ya ƙi bayyana ba. Ni ba ni da wannan lokacin, ba na kuma bukatarsa. Na goge duk yankan. Yanzu shafin yana nuna rubutun yadda ya fito, da haruffa masu faɗi ɗaya don layukan su daidaita, da harshen kwamfutar mai karatu.

Abin da ya fi taɓa ni a aikin duka shi ne na haruffanmu. Bayanin shirye-shiryenmu na gida da Hausa muka rubuta shi, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, kuma ina alfahari da hakan. A Windows in ka kira ɗaya daga cikinsu a baƙin allo bayanin yana fitowa lafiya, domin tun daga 3.6 Python yake iya rubuta kowane harafi kai tsaye a allon Windows. Amma da manhajata ta kira shi ta bututu sai ya faɗi tun kafin ya furta kalma ɗaya. Abin da na tarar a fayil ɗin dogon ƙorafi ne, ƙarshensa yana cewa `'charmap' codec can't encode character '\u0199'`. Na nemi wannan lambar na ga ƙ ce, ƙaramar k mai lanƙwasa, wadda take cikin kalmar "ƙirga" a layin farko na bayanin. Idan Python ya lura ba allo yake yi wa magana ba, sai ya koma tsohon tsarin haruffa na wannan Windows ɗin, wanda a kwamfutocinmu cp1252 ne. An yi shi ne don harsunan yammacin Turai. Yana da é ta Faransanci da ñ ta Sifaniyanci, amma ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa.

Wani ya ba ni shawara in cire lanƙwasar kawai, a rubuta k da d da b a huta, ai kowa zai gane. Ban yarda ba. Mun sha ganin yadda ake rubuta Hausa ba lanƙwasa saboda na'ura ta ƙi, har mutane suka fara ɗauka haka ake rubutun, alhali "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne. Kuma matsalar ba ta kai a sadaukar da harafi ba. Layi biyu ne maganinta: a gaya wa shirin da ake kira ya yi rubutu da UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi har da namu, ta hanyar sa `PYTHONIOENCODING=utf-8` a muhallinsa, a kuma gaya wa mai karɓa ya karanta da `encoding="utf-8"`. Dole sai an gyara ɓangarorin biyu. Da na gyara na farko kawai shirin ya daina faɗuwa, amma kowace ƙ ta rikiɗe ta zama wasu baƙin alamomi biyu marasa ma'ana.

Ina cikin wannan gyaran ne na tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa nake kunna shirye-shiryenmu ta bututu tun farko, kamar baƙi ne. Namu ne, da Python aka rubuta su, manhajar da ke neman bayanin ma Python ce. `argparse` yana da `format_help()`, wanda yake miƙo maka rubutun a hannu, ba bututu, ba lambar fita, ba rikicin haruffa. Abin da ya hana shi ne yadda muka gina shirye-shiryen. Mun cakuɗa wurin da ake bayyana zaɓuɓɓuka da wurin da ake yin aikin, har ɗaya daga cikinsu da na shigo da shi da `import` ya kama neman fayilolin da zai haɗa nan take. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ware. Kowanne yanzu yana da ɗan sashe mai suna `gina_umarni` wanda ba ya yin komai sai tsara zaɓuɓɓuka ya dawo da su, ainihin aikin kuma yana ƙarƙashin `if __name__ == "__main__"`. Ƙananan abubuwa biyu suka biyo baya. Sunan da ke fitowa a layin farko ya zama na manhajar da ta yi kiran, domin `argparse` daga `sys.argv[0]` yake ɗaukar suna in ba a ba shi `prog` ba, sai na rubuta wa kowanne sunansa. Faɗin layukan kuma yana bin faɗin tagar da na kunna manhajar a ciki, sai na kafe shi da `COLUMNS`.

A mako na uku na ba wata 'yar bautar ƙasa shafin ta gwada, ina zaune a gefenta ban ce komai ba. Ta danna `git`, ta karanta. Ta danna shirinmu na haɗa fayiloli, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Yallaɓai, ya ce 'fayil: fayil ɗin da za a yi amfani da shi'. Wane fayil ɗin? Na waya ko wanda aka riga aka tace?"

Ni na rubuta wannan layin shekara biyu da suka wuce, kuma ban sake karanta shi ba, domin ni na san wane fayil ne. Mako uku ina fama da yadda zan kwaso rubutun, ban taɓa tsayawa na duba ko rubutun yana da amfani ga wanda zai karanta ba. Na ce mata, "Ƙanwata, jawo kujerarki kusa. Duk inda ba ki gane ba ki tsayar da ni." Muka bi shirye-shiryen duka a yini biyu. Tana tambaya ina amsawa, amsar da ta gamsar da ita ita muke rubutawa a matsayin bayanin. A ƙarshen kowanne muka sa misali ɗaya na gaske, cikakken umarni da sunan fayil irin wanda suke gani kullum, wanda mutum zai iya kwafa ya canza suna kawai. Ita ce ta ce a sa misalin ya fito a sarari a ƙasa, domin shi ido yake fara nema, kuma da na lura da yadda sauran suke amfani da shafin na ga haka ne.

Shafin yana aiki har yanzu. Jadawalin umarnin waje yana nan da hannu ake cika shi. A layin `shutdown` an rubuta `--help` cikakke, kuma na bar gajeren bayani a gefensa na abin da `-h` take yi a wurinsa, da ranar da ta kashe mini kwamfuta. Watan jiya wani sabon ma'aikaci ya so ya ƙara `psql`, umarnin shiga rumbun bayanai, a jerin, ya zo ya same ni da littafin jagorarsa a buɗe a allo, ya nuna mini inda aka ce `-h` a wurinsa sunan sabar da za a haɗu da ita take nema. Muka rubuta `--help`, muka gwada a baƙin allo tare, sannan ya shigar da layin.